Robar tare laka a Hilux mai shiga fadama: me ke cire ta, kuma yaya ake ɗaura ta ta zauna?

"Assalamu alaikum Oga. Ina da Hilux irin wadda ake kira Vigo, da ita nake kai taki gona ina kwaso shinkafa daga fadama a wajen Auyo zuwa Haɗeja, ranar Lahadi kuma in leƙa Gujungu. Daminar nan sau biyu ina sa mata robar tare laka ta bayan taya, duk ta cire. Ta ƙarshen ma da za ta fita sai da ta lanƙwasa mini bakin bodi. Wani abokina ya ce in rabu da ita kawai, ado ce ta 'yan birni. Shin da gaske ba ta da amfani a ƙauye? In tana da shi, wace iri zan saya, kuma zan iya ɗaurawa da kaina ko sai na kai gareji?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, in na fahimce ka, ba ɗaura robar ne ya gagare ka ba, zamanta ne ya gagara, har ka fara tunanin ko abokinka ya fi ka gaskiya. Sana'ata gyaran bodin mota ce, kuma yawancin a-kori-kurar da ake kawo mini irin taka ce, masu shiga gona da cin kasuwannin ƙauye. Shawarata ita ce ka mayar da robar, amma ba irin wadda ka saya a baya ba, kuma ba da tsawon da aka bar mata ba. Kusan duk robar baya da na ga ta cire a hanyar ƙauye, tsawo ne ya ci ta. Ana auna ta mota tana tsaye ba kaya, a manta cewa idan an yi lodi bayan motar zama yake yi.

Abin da robar ke karewa

Duk abin da taya ta taka tana gudu, ɗaukarsa take yi ta watsa baya. A kan kwalta ruwa ne da ɗan yashi. A kan burji kuwa tsakuwa ce, kuma taya mai zurfin zane, irin wadda masu shiga daji suka fi so, ita ta fi kowacce riƙe tsakuwa ta harba ta idan gudu ya yi gudu.

Robar gaba motarka take karewa. Abin da tayar gaba ta watso yana dukan ƙasan ƙofofi, da dogon ƙarfen da ke ƙarƙashinsu, da gaban bodin baya, har ya kai ga wurin da sifirin ya kama casis. Tsakuwa ta fara ɓare fenti, sannan laka ta zo ta zauna a kan ƙarfen da ya buɗe. Baƙar lakar fadamar Haɗeja kuwa ba irin jan ƙasar da ke bushewa ta kakkaɓe da kanta ba ce. Mannewa take yi, samanta ya bushe cikinta na nan da danshi kwana da kwanaki. Ka haɗa da takin zamani da kake ɗauka, musamman yuriya, wanda idan ya jiƙe yana cin ƙarfe, da kashin dabbobi ga mai zuwa kasuwa irin ta Maigatari ko Wudil. Shi ya sa za ka ga mota injinta garau, amma ƙasan ƙofa ya rube har yatsa na shiga. Gyaran wannan sai an yanke ƙarfe an yi walda an yi fenti, kuɗinsa ya ninka na roba nesa ba kusa ba.

Robar baya kuma haƙƙin wanda ke bin ka ce. Ɗan acaɓa da ya goyo mace da yaro, mai keke, da direban da ke bayanka da gilashinsa, su tsakuwarka ke samu. Tana kuma rage lakar da ke rufe fitilar birki da lambar mota. Mota mai lodi da dare, fitilarta ta baya a shafe da taɓo, ba ƙaramin haɗari ba ce, ban da maganar da za ka sha a hannun jami'an hanya.

Duk da haka abokinka bai rasa gaskiya gaba ɗaya ba. Roba ba ta hana ƙurar rani, domin ƙura ba harba ta ake yi ba, iskar da ke bin bayan mota ce ke juya ta. Ba ta taimaka maka fita idan ka kafe. A hanyar da tarakta ta yi wa zurfin sawu, ko cikin rairayi irin na wajen Gumel da Sule Tankarkar, doguwar roba jan ƙasa kawai take yi har ta tsinke. Abin da ya gani ke nan ya yanke hukunci, sai dai laifin na awo ne.

Yadda take cirewa

Bayan Hilux a kan sifirin yake, kuma an ƙera ta ne ta ɗauki kusan tan ɗaya, wato kamar buhu 10 na masara mai kilo 100. Ni da kai mun san abin da ake ɗora mata ranar kasuwa. Idan kaya suka hau, bodin ya sauko, robar da ke maƙale a jikinsa ita ma ta sauko tare da shi. Wadda ka bari da tazara mai kyau da safe, da yamma tana shafar ƙasa.

Matuƙar gaba kake yi, ba matsala sosai, domin duk abin da robar ta taɓa baya yake tura ta, nesa da taya. Ribas ne ke kashe ta. Ka zo juyawa a bakin gona, ka ja baya ka hau kunya, ko kututture, ko gefen kwalbati. Abin ya turo robar gaba, ta shiga tsakaninsa da taya, taya ta take ta, mota kuma ba ta tsaya ba. Kamar mai babbar riga ne da ya ja da baya ya take gefenta: ko rigar ta yage, ko wuyanta ya shaƙe shi. Idan sukurun da ya riƙe robar ba shi da ƙarfi, sai ya zare ta faɗi. Idan yana da ƙarfi, sai bakin bodi ya biyo ta. Ina kyautata zaton na farkon ne ya faru da kai a karon farko, sai aka ce bari a ɗaure da ƙarfi, na biyun ya faru. Ka tuna baya, za ka ga ko dai wajen juyawa ne, ko lokacin da motar ta kafe kana yi mata gaba-baya don ta fita.

Akwai ƙananan dalilai da ke taimakawa. Hanya mai gargada tana kwance noti a hankali. Sukurun da ke cin ƙarfe da kansa, wanda ba noti a bayansa, ramin da ya yi yana faɗaɗa har ya fita. Zafin salansa yana ƙona gefen robar da ke kusa da ita. Rana kuma, musamman ta watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, tana busar da filastik mai arha har ya zama da ɗan bugu sai ya tsage.

Wace iri za ka saya

Wadda kamfani ya ƙera daidai da motar, mai lanƙwasa da ke bin siffar bodi, ta fi kyan gani kuma ta fi sauƙin ɗaurawa, tunda ramukanta sun dace da na motar. Za ka same ta a Ƙofar Ruwa a Kano, sabuwa ko ta Beljiyam. Idan ita kake so, ka kula da abu biyu. Ta Vigo, wadda aka yi yayinta daga wajen 2005 zuwa 2015, ba ta hawa samfurin da ya biyo bayanta, haka ma motar da ke da ƙarin filastik a bakin fenda, wato ɓangaren bodin da ke saman taya, robarta daban da ta wadda ba ta da shi. Sannan kowacce da gefenta, za ka ga an rubuta RH a ta dama, LH a ta hagu. Ka murɗa ta a hannu kafin ka biya. Ta asali tana lanƙwasa ta dawo, jabu kuwa wurin da ka lanƙwasa fari yake yi. Arha ba ta ado.

Wannan na ba wa mai yawon gari, kuma a gaba ko kai za ta yi maka. Amma a baya, ga motar fadama, na fi son shimfiɗaɗɗiyar roba mai zare a ciki, kaurin milimita 6 zuwa 8. Tsohon bel mai faɗi irin na injinan da ke jan kaya a masana'anta shi ne gwani, sai kuma robar bayan tirela a yanka ta a rage. Tana lanƙwasa ta bi abin da ta taɓa, ba ta tsagewa, idan ta lalace kuma yanko wata ba wani kuɗi ba ne. Tyub ɗin babbar mota ya cika laushi, iska na ɗaga shi a guje, ya kuma naɗe a taya. Tsohuwar taya, masu yanka ta su yi takalmi da guga za su iya fitar maka da gefenta, sai dai ba ta miƙewa sosai, kullum tana neman komawa siffarta. Ita kuwa robar da ake rataya wa ƙarfe da kwalliya a ƙasa, ka bar wa manyan motoci. A kan gargada nauyin nan shi ke yage ramukan sama.

Faɗinta daga tayarka za ka sani. Lamba ta farko da ke jikin taya ita ce faɗinta a milimita. Idan 265/65 R17 ce, faɗin santimita 26 da rabi ke nan, idan 205 R16 ce, santimita 20 da rabi. Ka ƙara kamar santimita 2 a kowane gefe. Kada ta leƙo waje da bodi sosai, in ba haka ba ƙaya da darni za su riƙa kama ta a lungunan ƙauye.

Awo da ɗaurawa

Nan ne aikin yake. Ka wanke cikin fenda tas, ka yi wa motar lodin da ka saba yi mata, ba wanda littafi ya ce ba, ka tsayar da ita a wuri miƙaƙƙe, ka ja birkin hannu ka sa dutse a taya. A haka za ka auna. Ka yanko kwali ka gwada shi a madadin robar, ka yi ta ragewa har ya zauna, sannan ka ɗora shi a kan roba ka zana ka yanka. Kuskure a kwali ba asara ba ne.

A aikina, motar gona ina bar mata tazarar ɗani ɗaya ko fiye kaɗan tsakanin bakin robar baya da ƙasa, wato santimita 20 zuwa 25, tana ɗauke da kaya. Dalili shi ne bakin robar ya kasance sama da yawancin abin da za ka hau da ribas. Idan kunyoyin gonakinku sun fi haka tsawo, ka ƙara. Na san gajeriyar roba tana barin wata tsakuwar ta wuce ta ƙarƙashinta. Kana iya ganin yawan abin da zai wuce da idonka: ka ja zare daga inda taya ta taɓa ƙasa ta baya zuwa bakin robar, duk abin da ya tashi ƙasa da zaren nan zai fita. Matso da robar kusa da taya ba ya maganin wannan, domin gwargwadon kusancinta gwargwadon yadda zaren zai ɗaga sama, abin da ke wucewa ta ƙarƙashinta ya ƙaru. Ka kuma bar aƙalla faɗin yatsu huɗu tsakanin robar da taya, saboda lakar da ke taruwa a taya tana buƙatar hanya.

Ta gaba ba sai ka cire taya ba. Ka murɗa sitiyari har ƙarshe, wurin zai buɗe maka. Yawanci ramukan asali suna nan, da ƙananan bol masu kan sifana 10 ko maɓallan filastik. Ka yi amfani da su maimakon huda sabo. Ka sa duka bol ɗin da hannu tukuna, ka daidaita robar ta miƙe, sannan ka ɗaure. Bayan ka gama ka juya sitiyari dama da hagu har ƙarshe ka leƙa, kana tuna cewa idan motar ta faɗa rami taya tana hawa sama fiye da yadda kake ganinta a tsaye.

Ta baya ita ke son dabara. Kada a ratayo roba da bol da wosha kaɗai. A samo falat ba, wato shimfiɗaɗɗen ƙarfe, guda biyu, faɗin kamar milimita 25, kauri 3, tsawonsu daidai da faɗin robar, a sa ta a tsakaninsu a matse da bol uku ko huɗu. Da haka nauyin ya rarrabu a kan faɗin robar duka, ba a kan ramuka ba. Notin ya zama mai roba a ciki wanda ba ya kwancewa, in babu a sa biyu-biyu a ɗaure su da juna. A matse har robar ta kamu, amma ba har ta kumburo ta gefe ba. Shi kuma ƙarfen da zai riƙe wannan duka, a kama shi a wuri mai ƙwari a ƙarƙashin bodin baya, ba a siririn bakin fenda da ya riga ya lanƙwashe ba.

Sai dai a nan akwai abin lura. Ka sa roba mai ƙarfi, ka kama ta da ƙarfe mai ƙarfi, to ranar da taya ta sake take ta, mene ne zai saki? Dole a bar wani wuri da zai saki, kuma kada ya zama bodin. Hanya biyu nake bi. Ta farko, maimakon a huda wa robar rami zagayayye, sai a tsaga ramin ya fita har bakin sama, ta yadda matsewar falat ba ce kaɗai ke riƙe ta. Idan aka fizge ta da ƙarfi sai ta zame ta faɗi lafiyarta ƙalau, ka sauko ka ɗauka, ka sassauta noti ka mayar. Aibinta shi ne idan notin ya yi sako-sako za ta faɗi a hanya ba ka sani ba. Ta biyu, wadda na fi so, ita ce a hana ta zuwa wurin tayar tun farko. A sa 'yar sarƙa daga kusa da ƙasan robar zuwa ƙarfen bamba ta baya, a ja ta yadda robar za ta ɗan karkata baya. Tana iya lilo ta yi baya yadda take so, amma ba ta iya zuwa gaba ta shiga ƙarƙashin taya. Idan an sa wa sarƙar ƙugiya, ranar da za ka shiga wuri mai tsananin caɓi sai ka rage tsawonta robar ta ɗage sama, in ka fito hanya ka sake ta. Wanda ya haɗa biyun ya fi kowa kwanciyar hankali. A robar gaba kuwa ramin ya zama zagayayye, a huda shi da abin huda, nesa da baki da kamar santimita 2, domin tsagar wuƙa ci gaba take yi.

Idan ta kama sai an huda ƙarfen mota, a fara sa hannu a shafa bayan wurin. Wayoyin fitilun baya suna bi ta nan, da bututun man birki, da wayar ABS, na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki, ga motar da ke da ita, a gefe ɗaya kuma akwai wuyan tankin mai. Ramin da aka huda a shafa masa fenti, in ya bushe a sa giris kafin bol ya shiga, in ba haka ba daga nan tsatsa za ta fara. Walda kuma a yi ta a ƙasa, a gama haɗa ƙarfen sannan a kawo shi a ɗaure da bol. Ba na yarda a yi walda a jikin casis don robar laka, balle kusa da tanki. In har wuta za ta taɓa motar, a cire kan batir. Gefen da salansa take, a yanke kusurwar robar a ba hayaƙi hanya. Idan kuma sai an cire tayar baya kafin hannu ya shiga, kada kowa ya sa kansa ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma a sauke kayan kafin a ɗaga ta, tunda an riga an gama awo.

Da kanka ko gareji

Ta gaba ka yi da kanka, sifana 10 da sukurudireba sun ishe ka. Ta baya ka kai gareji, saboda bakin bodin da ya lanƙwashe sai an buga shi ya dawo an yi masa fenti, kuma ƙarfen riƙon aikin mai walda ne. Amma ka je da motar da lodinta ko ka je da awon da ka yi tana da lodi, ka tsaya a kansa. Idan ka bar wa yaran gareji su auna da ido, doguwa za su yi maka, don ita ta fi kyau a ido.

Bayan mako guda kana aiki da ita ka sake bin notin, domin sabuwar roba tana ɗan lotsawa a ƙarƙashin ƙarfe. Lokacin wanki kuma ka sa a riƙa zura ruwa bayan robar gaba. Akwai wani lungu a ƙasan fenda, tsakaninta da ƙofa, da laka ke taruwa ta cika, robar kuma ta ɓoye shi. Idan ba a wanke shi, robar da aka sa don ta hana tsatsa ita za ta rufa wa tsatsar asiri. Baƙin man da wasu ke fesawa a ƙarƙashin mota kada ya taɓa robar, yana sa ta laushi ta kumbura.

Awon da na ba ka na motar da sifirinta ke da lafiya ne, kuma daga nesa nake magana, motar ba a gabana take ba. Idan an ƙara wa sifirin ganye, ko an sa taya da ta fi ta asali girma, lissafin zai canza, sai ka bi abin da kwali ya nuna maka. Kafin ma ka sayi roba, ka leƙa saman cikin fendar baya. Idan ka ga wurin da taya ta goge ya yi sheƙi, ko ka ga sifirin ya miƙe sambal har ya fara lanƙwasawa ƙasa idan an yi lodi, to sifirin ya gaji ko kayan sun fi ƙarfinsa. A wannan halin ko an gajarta robar za ta ci gaba da taɓa ƙasa, don haka sai a fara da gyaran sifirin, sannan a dawo a auna.